Mijinyawa Lado da Kututturan Al-Ha'ir

Haihuwa da Asali

An haifi Injiniya Uwaisu Lado, wanda jama'a suka fi sani da Mijinyawa, ranar Laraba 14 ga watan Yuni na shekarar 1961, a garin Malam Madori da ke ƙasar Haɗeja, cikin jihar Jigawa ta yanzu. Mahaifinsa, Malam Lado, dillalin itacen girki ne a bakin tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarsa kuwa, Malama Fatsuma, ta shahara da ƙuli-ƙuli a unguwarsu. Shi ne namiji na farko bayan mata biyar, saboda haka kakarsa ta laƙaba masa Mijinyawa tun ranar suna, laƙabin ya danne sunan yanka har a takardun makaranta.

An tattara wannan tarihi ne domin abin da aka faɗa a kansa a birnin Riyad cikin makonni biyar na ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka faɗa sun yi shiru yanzu, amma shirun nasu bai wanke shi ba, kuma jikokinsa za su girma su tambaya.

Ƙuruciya da Karatu

Mijinyawa ya tashi cikin itace. A lokacin da aka sa shi firamare a 1968, jakunan mahaifinsa kan fita da asuba su dawo da kaya kafin azahar. Zuwa shekarar fari ta 1973 sai sun kwana biyu a hanya. A 1974 Malam Lado ya ɗauke shi zuwa dajin da shi kansa ya fara saran itace yana saurayi, da niyyar ya nuna masa ƙirya da marke waɗanda mutum biyu ba sa iya rungumarsu. Suka isa, ba su tarar da komai ba sai ƙonannun kututtura iyakar ganin ido. Malam Lado ya cire hula ya tsaya. Mijinyawa ya sha faɗa cewa a wannan rana ya fara ganin tsoro a fuskar mahaifinsa, kuma daga ranar ya ɗauka a ransa cewa itacen da aka sare ya tafi ke nan har abada.

Ya yi sakandare a Birnin Kudu daga 1974 zuwa 1979, ya wuce makarantar koyon aikin gandun daji da ke Jos, sannan ya sami digiri na farko a Jami'ar Ibadan a 1987. Ranar da ya dawo gida da kakin malamin daji, Malam Lado ya dube shi sama da ƙasa ya ce da abokan cinikinsa su zo su ga ikon Allah, ya haifi mai kama shi da kansa. An yi dariya, amma Mijinyawa bai taɓa yarda a tura shi aiki yankin Malam Madori ba har tsohon ya rasu a 1990.

Aure da 'Ya'ya

A watan Disamba na 1988 ya auri Rekiya, 'yar Alhaji Bachir na Lakwaja, ma'aikaciyar jinya da ya haɗu da ita a asibitin Kano lokacin da maciji ya sare shi a bakin aiki. Mace ce mai faɗin magana yadda take, shi kuwa mutum ne mai kunya har ta yi yawa, irin wanda zai bar tsohon da bai sani ba ya taka masa ƙafa a sahun salla ya ƙi motsi don kada ya ba shi kunya. Allah ya albarkace su da Munzali a 1990, Bilƙisu a 1993, Najib a 1999, da Sumayya a 2004.

Shekarun Suwidin

A 1992 ya sami tallafin ƙaro karatu a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, kan ban ruwa da noman itacen makamashi. A can ya fara ganin safsaf, kamar yadda Larabawa ke kiransa, itace mai siraran ganye da son bakin ruwa, wanda manoman ƙasar ke shukawa layi-layi kamar dawa. Ba iri ake shukawa ba. Ana yanko sanda ce ɗanya, tsawon taƙi ɗaya da rabi, a soka ta a ƙasa mai laima, cikin shekara guda ta wuce tsawon mutum biyu.

A watan Janairun 1993 aka kai ɗalibai gonar wani tsohon manomi. Mijinyawa yana tsaye yana sha'awar itatuwan, sai ya ga inji ya shiga layin farko yana aske su daga tushe. Ya manta da sanyi, ya manta da cewa baƙo ne, ya ruga cikin ƙanƙara yana ɗaga hannu yana ihu da Hausa a tsaya. Da aka tsayar da injin, manomin ya sauko yana dariya har da hawaye, ya bayyana masa cewa wannan sara shi ne tushen noman gaba ɗaya: idan aka bar itacen shekara ɗaya da kansa, sanda ɗaya zai tsaya, idan kuwa aka sare shi a lokacin sanyi yana barci, kututturen zai fitar da toho goma ko fiye. Daga nan sai girbi duk bayan shekara uku, har shekara ashirin da ɗoriya, ba tare da sake dashe ba. Mijinyawa bai yarda ba. Sai da ya koma gonar a watan Yuni ya tarar da ita ta rufe ruf, mutum ba ya ganin na gabansa. Ya zauna a bakin gonar ya yi kuka, yana tuna hular mahaifinsa.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan gudun da ya yi cikin ƙanƙara, domin shi kansa ya manta da shi a ranar da ya fi buƙatar tunawa.

Aiki a Gida

Ya dawo Najeriya a 1994 da digiri na biyu, da laƙabin Injiniya, da kuma buri guda: ya ga fadamun Haɗeja sun cika da itacen da ake sara yana dawowa, domin a bar dazuzzuka su huta. Shekara goma sha uku ya yi yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis. Sau ɗaya tak aka ba shi eka biyu ya gwada, shanu suka cinye rabi, ambaliyar 2001 ta tafi da sauran. Abokan aiki suka riƙa kiransa Sarkin Sanda. Wani babba ya ce masa a fili, itacen ƙasar ƙanƙara ba zai yi a ƙasar da rana ke dafa ƙwai ba. Wannan magana ta tsaya masa a wuya, ita ce kuma ta kai shi inda rana ta fi ta Haɗeja.

Zuwa Riyad

A watan Oktoban 2008 ya karɓi kwantiragi da wani kamfanin dashen itatuwan gefen titi mai ofis a unguwar Ulaya da ke birnin. Iyali suka biyo shi bayan shekara ɗaya, suka zauna a unguwar Al-Jaradiya, Hajiya Rekiya ta sami aiki a wani asibiti da iƙamarta ta kanta, wato takardar izinin zama. Shekara goma sha biyu ya yi yana shayar da dabino da furanni a shataletale, aikin da ya ce kwalliya ce kawai, ba ta dafa ko shayi. A tsakanin 'yan Najeriya mazauna birnin ya zama dattijon da ake kai wa sulhu, wanda ake aikawa neman aure, wanda kuma sabon zuwa ke fara sauka a gidansa kafin ya gane gabas da yamma.

A 2020 ya haɗu da Shaihu Sulaiman, wanda ake kira Abu Mish'al, wani dattijo mai gidajen burodi da gona a Al-Ha'ir, kudu da birni, kusa da magudanar da tataccen ruwan Riyad ke bi. Mijinyawa ya ba shi labarin safsaf, ya ce da wannan ruwa da ake bari yana wucewa za a iya noma makamashin tanderun burodi. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, abin da babu wanda ya taɓa yi masa a Najeriya. A 2021 ya mayar da iƙamarsa ƙarƙashin Abu Mish'al, ya samo irin safsaf mai jure zafi daga Masar, ya yi shekara biyu yana gwaji a ƙaramin fili.

Tun a zama na farko ya gaya wa tsohon cewa bayan shekara ɗaya da dashe za a sare komai. Abu Mish'al ya zaro ido, sannan da aka nuna masa hotunan Suwidin ya miƙa hannu suka tafa, ya ce, “Kai ne likitan gonar, ya akhi, ɗan'uwana. Idan lokaci ya yi ka yanka, ko ina nan ko ba na nan.” Shaida ɗaya ne a wurin, Issoufou, mutumin Tawa ta Nijar, ɗan shekara hamsin, shugaban leburorin gonar. Da Mijinyawa ya koma gida ya ba da labari, Hajiya Rekiya ta ce ya sa a rubuta a sa hannu. Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. Mutumin da ya girme shi da shekara ashirin, wanda ke kiransa ɗan'uwa, wanda ke zuba masa gahawa da hannunsa, shi zai ɗauki biro ya miƙa masa? A wurinsa wannan daidai yake da ya ce wa tsohon bai yarda da bakinsa ba. Ba a rubuta komai ba.

Dashen Safsaf

A watan Fabrairun 2023 aka soka sanda dubu talatin da shida, layi ɗari da ashirin, kowane layi ɗari uku. Zafin wannan shekara ya yi tsanani, Mijinyawa ya rame ya yi baƙi, yana zagaya bututun ruwa sau uku a rana. Itatuwan suka rayu. Zuwa watan Nuwamba masu wucewa a mota kan taka burki su sauko su ɗauki hoto, domin ba su taɓa ganin kore mai duhu haka a wannan hamada ba. Abu Mish'al, wanda jiki ya fara ƙi, ya sa aka shimfiɗa masa darduma a tsakanin layuka, yana zuwa kowace Alhamis ya zauna yana jin iska na kaɗa ganye. A gida tsohon ba shi da hira sai ta gonar. Sai dai, kamar yadda aka gano daga baya, bai taɓa ambata wa iyalinsa maganar sara ba, ko don mantuwa, ko don shi ma zuciyarsa ba ta son tunawa.

Rasuwar Abu Mish'al da Saran Gona

Ranar Lahadi 24 ga Disamba 2023 Abu Mish'al ya rasu. Mijinyawa ya halarci jana'iza, ya je zaman ta'aziyya duk kwana ukun, ya zauna kusa da babban ɗan mamacin, Mish'al, likitan haƙori ɗan shekara arba'in wanda bai taɓa shiga harkar gonar ba. Bai ce masa komai ba sai addu'a.

Lokacin sara ya ƙarato. Sanyin Riyad gajere ne, itacen kuma makonni kaɗan yake barci, idan ruwan jikinsa ya fara hawa aka sare shi zai sha wahala, idan aka bari shekara ta wuce. Hajiya Rekiya ta ce ya kira Mish'al, ko ya tura masa saƙo na layi biyu. Ya ce, “Gidan da ba a yi arba'in ba zan kai wa maganar aiki? Ki bari a yi arba'in, zan je in zauna in yi masa bayani dalla-dalla.” Ta ce, “Alhaji, mutanen nan ba sa arba'in. Kwana uku suke yi su koma ofis, ka fi ni sani.” Ya ce ya sani.

Ya sani ɗin kuwa. Shekara goma sha biyar yana garin, ya san titunansa fiye da direban tasi, ya san dokokinsa, ya san abincinsa. Amma lissafin makoki da ke ƙirjinsa na Malam Madori ne, kuma a Malam Madori wanda ya tunkari maraya da zancen dukiyar uba kafin kwana arba'in ba mutum ba ne. Ga kuma umarnin mamaci a kunnensa, ko ina nan ko ba na nan. Ya ga cewa saran cika amana ne, shirun kuma ladabi ne. Issoufou ya yi ƙoƙarinsa, ya ce, “Injiniya, in yaron ya taho ya ga haka, mi za mu ce mishi?” Mijinyawa ya ce kafin yaron ya sami zuciyar zuwa gonar uba, toho ya fito.

Daga Litinin 8 ga Janairu 2024 zuwa Asabar 13 ga wata, leburori goma sha huɗu suka sare gonar kakaf, taƙi ɗaya daga ƙasa, suka tara sandunan a gefe domin su bushe.

Juma'ar 19 ga Janairu

Mahaifiyar Mish'al tana cikin takaba, ba ta fita. Ta roƙi ɗanta ya je ya yanko mata reshe ɗaya daga inda mijinta ke zama. Bayan sallar Juma'a ya ɗauki ƙannensa mata biyu da 'ya'yansa suka nufi Al-Ha'ir. Da farko ya wuce ƙofar gonar, yana zaton ya ɓata hanya. Da ya dawo ya shiga, babu ganye ko ɗaya, sai kututtura a jere har inda ido ya tsaya, da dardumar mahaifinsa a naɗe a jingine da ɗakin inji. Ɗaya daga cikin ƙannen ta faɗi. Issoufou ya ce bai taɓa jin namiji ya yi irin ƙarar da Mish'al ya yi ba.

Aka kira Mijinyawa, ya iso da murmushi da sallama. Mish'al bai amsa ba. Ya ce, “Haram alaik! Ubana bai yi wata a kabari ba ka aske gonarsa?” Mijinyawa ya fara bayani, Larabcinsa ya watse, ya koma Turanci, ya ciro waya yana neman hotunan Suwidin. Mish'al ya tambaye shi takarda. Babu. Ya tambaye shi shaida, ya nuna Issoufou, Mish'al ya ce wannan ai da hannunsa aka yi saran. A nan ne, inji Mijinyawa, ya ga a fuskar Mish'al fuskar mutumin da ya ruga cikin ƙanƙara shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya gane abin da ya aikata.

Lokacin sanyi ne, lokacin da mutanen Riyad ke fita sahara su hura wuta, itace na tsada, hukuma kuma na tsananta wa masu sara ba izini. Zargin ya zo da kansa: ya sare itacen mamaci ne don ya sayar. Jami'ai suka zo, suka yi masa tambayoyi kwana biyu, suka tarar da sandunan a tare ba a taɓa ko ɗaya ba, suka sake shi. Wannan bai sauya zuciyar Mish'al ba. Ya soke kwantiragin, ya sa aka buga masa huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, mai wa'adin kwana sittin, ya sallami leburori ban da Issoufou da aka bari gadi, ya sa kwaɗo a ɗakin injin ban ruwa.

Kwaɗon ne ya fi bizar tayar wa Mijinyawa hankali. Ya je asibitin haƙoran ya jira sa'a uku, ya roƙi a bar ruwa na mako shida kacal, in ba a ga toho ba a ɗaure shi. Mish'al ya ce, “Khalas, ya muhandis, magana ta ƙare, Injiniya. Injin ba zai tashi ba, mota ba za ta shiga ba. In kana son shayar da matattu, ga hannunka nan.”

Maganar Gari

Kafin mako ya zagayo bidiyon kututturan ya shiga wayoyin 'yan Najeriya, daga unguwar Al-Shumaisi har Jidda. Mutanen da ya sauke a ɗakinsa, waɗanda ya ɗaura wa aure, su ne suka riƙa tura shi da salati a ƙasa. Aka daina kawo sulhu. A masallacin unguwa sahu ya riƙa yin faɗi a gefensa. Wani da ya san asalinsa ya rubuta cewa ba abin mamaki ba ne, ai ɗan mai itace ne, jini ya motsa. Najib ne ya ga wannan saƙo, ya so ya ɓoye, amma uban ya karɓi wayar ya karanta. Ya tashi ya shiga ɗaki. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana neman gyara ɓarnar da gatarin gidansu ya yi, ga shi an mayar masa da gatarin a hannu.

Layi na Farko

Ya ɗauki maganar Mish'al a matsayin izini. Daga 24 ga Janairu, kullum bayan sallar asuba yakan tuƙa daga Al-Jaradiya zuwa Al-Ha'ir, ya ajiye mota a waje, ya ɗauki baro da jarkoki huɗu. Daga magudanar ruwa zuwa bakin gona tafiyar taku ɗari shida ce a cikin yashi. Ya lissafa cewa shi da Issoufou ba za su iya riƙe fiye da layi ɗaya ba, ya zaɓi layi na farko, wanda ke kallon ƙofa, domin duk wanda ya shigo ya fara gani. Kututture ɗari uku cikin dubu talatin da shida. Sauran yakan wuce su bai kalle su ba.

Yana da hawan jini tun 2015. Hajiya Rekiya ta auna shi, ta ɓoye makullin mota, ya hau tasi. Munzali ya kira daga Abuja ya ce ya dawo gida kawai, wanda ya san shi ya san shi. Ya ce idan ya hau jirgi kafin layin nan ya yi toho, ɓarawo ne zai sauka a Kano, kuma da wannan suna za a kira jikokinsa. Ranar 2 ga Fabrairu Abu Mish'al ya cika kwana arba'in. Mijinyawa ya sa an yi masa tuwo ya raba a unguwa, mutum uku suka dawo da kwanon ba su buɗe ba.

Sanyin ya daɗe a wannan shekara fiye da yadda ya zata. Mako uku, mako huɗu, kututturan ba su motsa ba. Kowace safiya yakan durƙusa ya kankare ɓawo da farce ya duba ko akwai kore a ciki. Akwai, amma babu wanda zai zo ya duba ƙarƙashin ɓawo.

Rasuwa da Jana'iza

Ranar Talata 20 ga Fabrairu 2024, daidai da 10 ga Sha'aban 1445, da misalin ƙarfe tara na safe, Issoufou ya dawo daga magudana da baro ya tarar da shi zaune a tsakiyar layin, ya jingina da jarka, ruwa na tsiyaya a ƙasa. Ya kira shi sau uku. An kai shi asibiti mafi kusa, likita ya tabbatar da cewa zuciya ce, kuma ya riga ya cika. Yana da shekara sittin da biyu, saura kwana talatin da wani abu wa'adin bizarsa ya ƙare.

Bayan kammala takardu, an yi masa salla ranar Alhamis 22 ga wata bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Nasim da ke gabashin Riyad. Mutumin da ya raka gawar 'yan Najeriya fiye da yadda za a iya ƙirgawa, 'yan ƙasarsa goma sha tara ne suka raka tasa. Najib ya ƙirga.

Abin da Ya Biyo Baya

Issoufou bai daina jan baro ba, ko da yake babu wanda ya sa shi. Kwana huɗu bayan jana'iza ya ga jajayen ƙuraje a jikin kututture na farko, washegari suka buɗe. Bai kira kowa ba, ya ce ya gaji da rantsuwa.

Ranar Lahadi 3 ga Maris Mish'al ya zo da mai katafila domin a yi cinikin tuge kututturan. Yana shiga ƙofa ya tsaya cak. Layi ɗaya kore shar ya miƙe daga gabansa har ƙarshen gona, a tsakiyar fili fari fat. Ya durƙusa a gaban kututture na farko ya ƙirga toho goma sha ɗaya, ya matsa na biyu ya ƙirga tara, ya ci gaba da ƙirgawa yana rarrafe da farar rigarsa har mai katafila ya gaji ya tafi. Da ya tambayi inda injiniyan yake, Issoufou ya ce, “Shina Nasim, kwana goma ke nan.” Mish'al bai ma san ya rasu ba, saboda wakilin ofis ne ya sa hannu a takardun.

A ranar aka fasa kwaɗon, aka saki ruwa. An makara. Cikin sauran layuka ɗari da goma sha tara, abin da ya farfaɗo bai kai dubu uku ba.

Da yamma Mish'al ya zo Al-Jaradiya riƙe da reshe. Hajiya Rekiya tana takaba, ta zauna bayan labule, Najib yana fassara, domin Larabcinsa ya fi Hausarsa. Mish'al ya yi ta'aziyya, ya nemi gafara, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi: ya zauna kusa da shi kwana uku, me ya hana shi gaya masa tun kafin ya sare? Hajiya Rekiya ta ce, “Ka ce masa yana jira ne su yi arba'in.” Najib ya fassara. Mish'al ya ce ai su ba sa arba'in. Ta ce, “Ka ce masa ya sani.”

Mish'al ya rubuta takarda da hannunsa yana wanke mamacin, aka karanta ta a masallacin unguwa ranar Juma'a. Waɗanda suka tura bidiyon farko ba su tura wannan da irin wancan sauri ba.

Iyalan da Ya Bari

Injiniya Uwaisu Mijinyawa Lado ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Rekiya, da 'ya'ya huɗu: Munzali, lauya a Abuja, Bilƙisu, malamar gandun daji a Dutse, Najib, injiniyan lantarki a Riyad, da Sumayya, ɗaliba a fannin harhaɗa magunguna. Ya bar jikoki biyar da yayye mata biyu a Malam Madori.

A watan Fabrairun 2025, bayan cika ƙa'idojin hukumomin ƙasashen biyu, an kai sanduna ɗari uku da aka yanko daga layi na farko zuwa wata fadama kusa da Malam Madori. Bilƙisu ce ta karɓe su. Kafin ta bari a soka ko ɗaya, sai da ta tara mai unguwa da liman da mai filin da 'ya'yansa manya da ƙanana, ta gaya musu cewa baɗi war haka za ta sare su duka daga tushe. Mai filin, tsoho ne sa'an kakanta, ya ce ya yarda, maganarsa ta isa. Ta sunkuyar da kai, ta ba shi haƙuri, ta miƙa masa biro.

Allah ya jiƙan Mijinyawa, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Amin.